Hedifon Mai Raga a Baya: Ya Ci Kuɗinsa a Gari Irin Kuyello?

 Yau daga gida nake muku magana, daga Kuyello, gabashin Birnin Gwari. Tun ranar da na ɗora hoton teburin da nake gyaran sauti a kai, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa: wai wannan hedifon naka mai raga-raga a baya, fashewa ya yi? Wani ma cewa ya yi ko ɓera ne ya yi masa aiki. To ba ɓera ba ne, haka aka ƙera shi. Shi ake kira hedifon mai buɗaɗɗen baya, kuma a wajen mutanen da suka ɗauki jin sauti kamar sana'a, irinsa ne sarki. Yau zan faɗa muku yadda yake aiki, me yake bayarwa, me yake hanawa, da kuma ko ya dace mutum irina da irinku ya zuba kuɗinsa a ciki.

Amma bari in fara da yadda aka yi na san shi, domin ni ba son gayu ne ya kai ni ba.

Kun tuna ƙarshen watan Satumba na 2021, lokacin da gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka rufe layukan waya a wasu ƙananan hukumomi saboda matsalar tsaro, har da tamu Birnin Gwari. Kusan wata biyu ba kira, ba WhatsApp, ba komai. Abin da ke cikin memori shi ne duniyarka. A lokacin nan na zama ɗan iyafis, irin mai robar nan da ke shigewa cikin kunne ta toshe shi ruf. Wani dare ina kwance a ɗaki na ƙure sauti, ashe an ji ƙarar babura daga bayan gari. Duk gidan an tashi, an kashe fitilu, an tattaro yara tsakar gida, ni ina can ina kaɗa ƙafa. Sai da ƙanena ya shigo ya girgiza ni. Allah Ya taimaka ba abin da ake tsoro ba ne, baburan suka wuce abinsu. Da safe Inna ta dube ni, kun san ɗan fari ne ni ba ta kama sunana, ta ce, "Kai wannan, a garin nan ne mutum zai toshe kunnensa da dare?" Ba ta ƙara ko kalma ba. Ni ma ban ƙara kwana da iyafis ba.

Daga baya ne, a wani sutudiyo a Kaduna, na ga mai haɗa sauti sanye da wani hedifon, ina yi masa magana a hankali yana amsa min ba tare da ya cire ba. Na ce, "Maigida, wai kana jina?" Ya ce in karɓa in gwada. Sennheiser HD 600 ne. Na sa, waƙa na tashi, kuma ina jin fanka na juyawa a ɗakin. Na ce lallai wannan don mu aka yi shi.

To yaya abin yake? A cikin kowane ɓari na hedifon akwai 'yar ƙaramar sifika, galibi faɗinta milimita 40 zuwa 50. Wata siririyar fata ce, da zaren waya a naɗe a bayanta, da maganaɗisu. Wuta ta taso daga wayarka ta bi zaren, fatar ta riƙa kai da komowa, ta tura iska, iskar ta daki dodon kunnenka. Sauti kenan. Amma fa fatar nan fuska biyu gare ta. Duk sanda ta tura iska gaba wajen kunnenka, tana motsa ta baya ita ma. Wato sauti biyu take haifarwa, ɗaya naka, ɗaya na baya. Duk rigimar buɗaɗɗe da rufaffe a kan wannan na bayan take: ina za a kai shi?

Mai rufaffen baya kulle shi yake yi a cikin kofi. Sautin ya daki bangon kofin ya dawo, ya sake dukan fatar, ya cakuɗu da na gaba. Masu ƙira suna cusa soso da auduga don su shanye shi, kuma masu kyau a cikinsu suna ƙoƙari sosai, amma da wuya ya tafi gaba ɗaya. Mai buɗaɗɗen baya kuwa raga kawai aka sa, sautin bayan ya fice ya yi tafiyarsa. Kana son ka ji bambancin ba ka kashe ko sisi ba? Leƙa da kanka cikin randar da ba ruwa ka yi magana, sannan ka fito tsakar gida ka maimaita. A cikin randa muryarka ta yi kauri, ta yi nauyi, har ka ji ka zama wani babba, amma kalmomin sun dunƙule. A tsakar gida ba ta da wannan kaurin, sai dai kowane harafi ya fita tas. Ko ka duba tambari da kotso. Tambari gindinsa a rufe yake, amonsa daga ciki yake kumburowa. Kotso, irin wanda su Musa Ɗanƙwairo suka yi kiɗa da shi, fata ɗaya gare shi, gindin a buɗe, amonsa a sake yake fita. Misali ne dai na kusantar da fahimta, kar masana kiɗa su kama ni.

Abin ba sabo ba ne. A 1968 kamfanin Sennheiser na Jamus ya fito da HD 414, mai soso ruwan ɗorawa, wanda ake lissafa shi a matsayin buɗaɗɗe na farko da ya shiga kasuwa, kuma an sayar da sama da miliyan 10. HD 600 ɗin da na gwada a Kaduna ya fito ne a 1997, har yau ana ƙera shi ana sayarwa. Ku duba wayar da ke hannunku, ku tambayi kanku ko za a neme ta nan da shekara biyar.

Yanzu maganar sauti, kuma a nan zan faɗa muku gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba. Ni HD 600 ya fi ƙarfin aljihuna, don haka Philips SHP9500 na saya, na hannu, a wajen wani abokina da ya gaji da shi. Ranar farko da na kawo shi gida na sa waƙar zamani, na ji kamar an yi min ƙwange a awo. Ina bes ɗin? Ina wannan dukan da ke girgiza ƙoƙon kai? Babu. Kunnen mai lafiya yana kama girgiza daga wajen 20 a daƙiƙa ɗaya har zuwa 20,000, kuma can ƙasa-ƙasan nan, inda bes mai ratsa ƙirji yake, nan ne yawancin buɗaɗɗu suke da rauni, saboda ba iska a kulle da za ta danno kunnen. Mu kuwa kunnenmu ya tashi ne a kan sifikar biki da iyafis ɗin kasuwa, waɗanda ake cika wa bes da gangan don su burge ka a minti ɗaya na gwaji a bakin shago. Wanda ya saba da shayi mai sukari cokali biyar, ranar da aka ba shi mai cokali ɗaya cewa zai yi ruwan zafi ne.

Sai da na yi mako guda sannan kunnena ya sauko. Na sa Shata, waƙar da na ji ta fi a ƙirga, sai na ji kalangai ba dunƙule ɗaya ba ne, kowanne da bakinsa, 'yan amshi kuma na iya rarrabe muryoyinsu, wani ya ɗan riga wani shigowa. Na sa Ɗan Maraya Jos, na ji yadda tsirkiyar kuntigi ke karkarwa bayan an taɓa ta. Wanda ya fi kama ni shi ne karatun Alƙur'ani. Na sa Husari, ina jin jan numfashinsa kafin ya ɗauki aya, ina jin inda harafi ya fito a maƙogwaro da inda ya fito a leɓe. Wallahi ɗalibin tajwidi zai amfana da irin wannan fiye da mai jin waƙa. Murya ce gonar buɗaɗɗen hedifon. In abin da ka fi ji shi ne karatu, wa'azi, labarai, fodkas da kiɗan gargajiya, to nan ya fi ƙarfi.

Akwai kuma abin da ake kira faɗin fili. Da iyafis, mawaƙi a tsakiyar kanka yake zaune, tsakanin kunne da kunne. Da buɗaɗɗe sai ka ji ya ɗan matsa waje, makaɗa sun bazu dama da hagu, kamar kana zaune a gaban su a dandali. Masu wasan gem suna son wannan don suna gane ta inda takun abokin gaba ke zuwa. Amma kar a zuga ku, ba kowane buɗaɗɗe ne mai faɗi ba. HD 600 an san shi da daɗin murya ne, filinsa ba wani babba ba ne. Irin su AKG K702 da Sennheiser HD 800 su ne aka sani da faɗi. Beyerdynamic DT 990 kuma yana da bes fiye da 'yan uwansa, amma saman sautinsa da kaifi, wasu na so, wasu kuma kunnensu gajiya yake yi. Akwai ma wani jinsi daban, irin na HiFiMan, da fatarsa shimfiɗaɗɗiya ce tsakanin jerin maganaɗisu, bes ɗinsa na sauka ƙasa sosai duk da a buɗe yake, sai dai ya fi nauyi a kai kuma ya fi cin wuta.

Wani gargaɗi: hedifon mai kyau ba ya rufa wa waƙa asiri. Waƙar da aka turo maka a shagon masu turi, ta bi ta Xender, ta bi ta WhatsApp, an matse ta an sake matsewa, zai nuna maka duk raunukanta, ka ji kuge na shuu kamar ana soya ƙosai. MP3 na gama-gari yana cin wajen megabayit 1 a minti, sautin faifan CD da ba a matse ba yana cin wajen 10. Ba sai ka cika memori da manyan fayiloli ba, MP3 mai lamba 256 ko 320 ya wadatar, ni dai kunnena ba ya rarrabe shi da na asali. Amma in duk abin da ke wayarka ragowar turi ne, fara gyara wannan tukuna, kyauta ne ko kusa da kyauta.

Sai maganar daɗin sawa, wadda masu sharhi a Turai ke ambata a gurguje, mu kuwa a wajenmu ita ce rabin zance. Duk wanda ya sa rufaffen hedifon mai fatar roba a watan Maris ko Afrilu a ɗakin kwano ya san abin da nake nufi. Minti ashirin kunne ya jiƙe, gumi na gangarowa ta bayan wuya, bayan wata shida fatar ta fara ɓarewa tana manne maka a gashi. Buɗaɗɗe iska na ratsa shi, kuma galibi matashinsa na yadi ne ko karan-miski. Nakan yi awa uku ina yanka shirin nan ban cire ba. Nauyin yawancinsu tsakanin giram 250 ne zuwa 320, ba kai wani abu ba, amma ka lura da matsi. Wasu suna damƙe kai da ƙarfi in suna sababbi, mai tabarau zai ji a jikinsa. Sannan ba ka jin muryarka na amsa-kuwwa a cikin kai, ba ka jin taunarka kamar ana daka. Shi ya sa mai sanye da shi yake magana daidai, ba irin ihun nan da 'yan iyafis ke yi wa mutane a majalisa ba.

To yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ƙofar da ta bar sautin waje ya shigo, ita ce ta bar naka ya fita. Duk abin da kake ji, na kusa da kai yana ji, ba wai ɗan zizar iyafis ba, a'a, har kalmomin. Wata safiya ƙanwata ta kawo min koko tana murmushi, ta ce, "Yaya, wace ce ake ta sa wa waƙar nan tun jiya da dare, sau huɗu fa na ƙirga." Ta taga ta ji. Don haka saƙon murya na sirri, ka san wanda nake nufi, ba da wannan ake jinsa ba. In ɗaki ɗaya kuke kwana ku huɗu, za ka hana su barci.

Haka kuma ba a ɗaukar murya da shi. Masu son fara fodkas ko waƙa, ku riƙe wannan da kyau. In kana gaban makirufo da buɗaɗɗe a kai, kiɗan da ke fita ta ragar zai koma cikin makirufo ya ɓata maka ɗauka. Shi ya sa a sutudiyo mawaƙi rufaffe yake sawa, irin Sony MDR-7506 da ke aiki tun 1991 ko Beyerdynamic DT 770, shi kuma mai haɗawa ya zauna da buɗaɗɗe daga baya. Ni ma haka nake yi, in zan ɗauka in sa rufaffe mai araha, in zan gyara in ɗauko mai raga.

Kuma ba abin yawo ba ne. Ranar kasuwa, kusa da injin niƙa, gefen janareta, ko a mota kan hanyar Kaduna, ba abin da za ka ji sai hayaniya. A nan ne ma yake zama haɗari, don za ka yi ta ƙara sauti kana son ka danne ƙarar waje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin lalacewar ji saboda yadda suke sauraro, kuma ma'aunin da ta bayar ga babba shi ne desibel 80, kada ya wuce awa 40 a mako. In ka ƙara ƙarfi, lokacin raguwa yake yi da sauri ƙwarai. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. A wuri shiru kuwa buɗaɗɗe taimakonka yake yi, don ƙaramin sauti ya ishe ka. Mu a nan abin da muke da shi a wadace kenan. Bayan isha'i, in masu caji sun kashe injinansu, Kuyello tsit take yi sai kukan gyare. Mutumin Legas sai ya kashe kuɗi ya like ɗaki kafin ya samu irin wannan shirun.

Ƙura ma abokiyar gabarsa ce. Da hunturu ragar nan hanya ce, ƙura ta shige ta kwanta a kan fatar, in gashi ɗaya ya faɗa ciki sai ka ji yana zirr duk sanda bes ya buga. Maganaɗisun kuma yana jan ɓurɓushin ƙarfe, don haka kar ka kai shi shagon walda. Nawa a cikin tsohuwar rigar filo yake kwana. Kar ka hura shi da ƙarfi, kar ka zura tsinke, kar ruwa ya taɓa shi.

Kafin ka saya, duba wata lamba da ake rubutawa a kwali, ana ce mata om. A sauƙaƙe, tana nuna yadda hedifon ke tirjewa wutar da aka turo masa. Philips ɗina om 32 ne, duk wata Tecno ko Infinix mai ramin iyafis za ta tuƙa shi. HD 600 om 300 ne, DT 990 Pro da aka fi sani om 250. Ka cusa su a ƙaramar waya, za su yi magana, amma can ƙasa, ba kuzari, kamar an ɗaura wa jaki garmar shanu. Suna buƙatar amfilifaya, ko aƙalla 'yar igiyar nan mai kyau da ake sawa a ramin caji, wadda ita ma tana shan batirin waya. Ba om kaɗai ke yanke hukunci ba, akwai lambar da ke nuna yawan ƙarar da yake bayarwa a kan wutar da ya samu, amma ga mai farawa, ka tsaya ƙasa da om 60 ka huta. Na ga wanda ya tara kuɗi ya sayo mai om 250 na hannu, ya sa a waya, ya rantse jabu aka sayar masa. Ba jabu ba ne, yunwa yake ji.

Kuɗi fa? A lokacin da na duba farashi, Koss KSC75, ɗan ƙarami mai maƙalewa a kunne, wajen dala 20 ne, kuma buɗaɗɗe ne na gaske. Samson SR850 da Superlux HD 681, masu rabin buɗewa, ba su wuce dala 50 ba. SHP9500 ƙasa da dala 100. Sennheiser HD 560S da HD 6XX wajen dala 200. HD 600 tsakanin 300 da 400. Daga nan sai sama, HD 800 S ya haura dala 1,500, har akwai HE 1 da ya wuce dala 50,000, wannan kam na masu rijiyar mai ne. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 lissafin ya sauya mana. In ka ɗauki dala a naira 1,500, mai dala 200 ya zama naira 300,000, ba a sa kuɗin kawowa ba. A garin manoma, ba sai na faɗa muku buhun taki nawa ke cikin wannan ba.

Ra'ayina, kuma na san wasu za su yi min ca, babban tsalle yana tsakanin iyafis ɗin kasuwa da hedifon mai dala 50 zuwa 100. Nan ne za ka ji an buɗe maka taga. Daga nan zuwa mai 300 akwai ƙari, na ji shi da kunnena a Kaduna, muryar ta fi laushi ta fi cika, amma bai ninka sau huɗu ba kamar yadda kuɗin ya ninka. Daga nan zuwa sama kuma kana biyan dubbai ne a kan abin da sai ka rufe ido ka nutsu kafin ka kama shi. In sauti ne abincinka, kana haɗa waƙa ko fim, HD 600 jari ne, domin igiyarsa, matashinsa da na saman kai duk ana cirewa a sauya, ba a jefar da shi. In kai mai sauraro ne kawai, kar ka ci bashi. In kuma rayuwarka a kan babur take, ko a shago bakin titi, ko bes ne ranka, to ka bar shi, rufaffe ko iyafis mai kyau ya fi maka.

Abu ɗaya da ba a cika lissafawa ba: ba shi da batiri. Na Bluetooth sai ka kai shi caji tare da waya ka biya kuɗin biyu, bayan wasu shekaru batirin ya mutu, shi kenan ya zama abin wasan yara. Wannan igiya ce kawai. In za ka sayi na hannu, ka tafi da wayarka da waƙar da ka haddace, ka saurari ɓari ɗaya-ɗaya ko wani ya fi wani ƙarfi, ka sa mai bes ka ji ko akwai karkarwa, ka murɗa igiyar a gindinta ka ji ko sauti na yankewa. Matashi da ya lotse ba matsala ba ne, ana sauyawa, sai dai ka rage masa kuɗi a kai.

Tun sulhun da aka yi a ƙarshen 2024, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, alhamdulillahi an samu sauƙi, Allah Ya ɗorar da shi. Amma kunnen da ya saba sauraron bayan gari bai daina ba, nawa dai bai daina ba. Jiya da dare ina yanka shirin nan da hedifon a kai, na ji sallamar maƙwabcinmu a zaure, na ji an kira isha'i, na kuma ji Inna daga ɗakinta tana cewa wani ya duba ko an ɗaure awaki. Ni na tashi na duba. Ɗaya ta kwance.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, inda za mu taɓa maganar makirufo mai araha. Ku huta lafiya.